Zoɓon Kano da Zinaren Elhaji

Ni fa wallahi ban nemi shiga maganar nan ba. Ku da kuka zo jiya-jiya kuna ji ana ce min Farfesa a yadin nan, kun ɗauka wani abin kirki na karanta. A aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya, shi ma rabinsa a bayan katanga na yi shi. Lodi aka ɗauko ni yi daga Fagge, lodi nake yi, kawai aka wayi gari an mai da ni wayar tarho tsakanin uba da 'yarsa, a kan wata rigima da Turawa suka yi suka gama tun ba a haifi kakan kakana ba. Ƙafafuna ne suka sha wahalar. Amma in dai ina numfashi, satin nan ba zai fita daga kaina ba. Ku matso da kofunanku. Ilu, rage waƙar nan don Allah.

Sababbin zuwa, bari in fara muku da yadda gidan yake. Motocin da suka gaji a Japan ake yankowa rabi a kawo mana nan Ras Al Khor, a ƙasar Larabawa. Mu kwance inji, mu tsiyaye baƙin mai, mu wanke, mu rubuta lamba da fenti. In za a yi lodi, giyabos a ƙasa, inji a kai, tsohuwar taya a tsakani don kada su daki juna a teku. Babbar mota ta kai kwantena tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali, jirgin ruwa ya kai Legas ko Kwatano, daga nan a hau titi zuwa Kano ko Maraɗi. A sama akwai Elhaji Mamman, mai gida. Sai ofis. Sai foman, dattijon nan ɗan Pakistan. Sai mai fokalif, motar ɗaga kaya. Sai mu 'yan lodi, waɗanda in kamfani ya yi tuntuɓe mu yake fara takawa.

Elhaji mutumin Maraɗi ne, kuma kada rigar nan mai tabon giris ta ruɗe ku, bokon Faransanci ya yi mai zurfi. A lokacin dokokinsa ba su da yawa, amma ba a taɓa su. Ta farko kun san ta, har yau tana nan: ba a barin gurbi a kwantena. In ya leƙa ya ga wurin da kyanwa za ta iya kwanciya, sai an sauke an sake. Madubi a naɗe cikin rigar kujera, hannun ƙofa a cusa tsakanin inji da inji. Yakan ce shi ba ya biyan kuɗin jirgi don iska ta je Legas yawon buɗe ido. Ta biyu kuwa: mu sayarwa muke yi, ba ma saye a hannun kwastoma. Kaya su tafi, kuɗi su dawo, khalas. Kuɗin kuma in sun taru sai ya shiga kasuwar zinare ta Deira ya sayo ɗan biskit ɗin zinaren nan mai nauyi, ya kai akwatin banki ya kulle. Abin da ya shiga can bai taɓa fitowa ba.

A ofis, saman matakalar ƙarfen can, akwai Anti Rakiya. Ita ke kula da takardun kwastan da na jirgi, tattalin arziki ta karanta a jami'a. 'Yar Elhaji ce ta fari, kuma nan matsalar take. Elhaji irin mutanen dā ne masu kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunanta ba, Ta Sama yake ce mata. Ba ya tsayawa ya yi doguwar magana da ita ido da ido, balle gardama. In yana da saƙo, sai ya kalli bango ko ya kalli wanda ke kusa ya ce, “A hwaɗa wa Ta Sama.” Ita ma ta tashi a haka, ba ta ƙetarewa. A waya ma gaisuwa ce da “to, Baba.” Shekara da shekaru aiki na tafiya lafiya, don ba su taɓa saɓani a kan babban abu ba.

Sai cikin watan Agusta, bara waccan, lokacin da zafi ke sa ƙarfe ya ƙona hannu ta cikin safa, Alhaji Ɗanlami ya sauka. Babban kwastomanmu ne na Kano, daga Ƙofar Ruwa, rabin lodin da muke yi nasa ne. Ya zauna ƙarƙashin rumfa ya ce, “Elhaji, dala ta zama aiki a gida. Injina nake so kamar kullum, amma neman canji ya fi ƙarfina. Ina da zoɓo, ina da citta. Nan garin Misirawa da 'yan Sudan kamar ruwa suke shan zoɓo, karkade suke ce masa. Ka karɓi kayana ka sayar nan, ka loda min injina.”

Elhaji ko ƙiftawa bai yi ba. “Non. Ni ba ni saye.”

Alhaji Ɗanlami ya ce to, yadin da ke maƙwabtaka da mu sun ce za su karɓa, amma shi saboda zaman tare ya fara zuwa nan. Jirginsa ranar Juma'a ne, zai jira zuwa Alhamis.

Da yamma foman ya ja mu gefe. Ya ce in layin Kano ya rufe, 'yan lodi uku sun yi yawa a yadin nan. Ya kalle ni, ya kalli Ilu, ya kalli Bashir. Ni kuma bizata saura ƙiris ta ƙare, kamfani ne zai sabunta. Kun gane ke nan. In zoɓo bai shigo ba, ni Sabi'u ne zan fita.

Washegari ina wanke inji sai na ji daga sama, “Sabi'u!” Na hau. Anti ta ce, “Je ka ce wa Baba, abin da yake yi ɗin nan sunansa markantilizim, kuma an daɗe da binne shi.”

Na ce, “Anti, ciwo ne? Ana ɗauka a numfashi?”

Ta ce, “Zauna, shashasha. Wani tunani ne da ya yi mulki a Turai shekaru ɗari uku, ɗari huɗu da suka wuce. Sarakunansu da manyan 'yan kasuwarsu suka ɗauka arzikin ƙasa shi ne zinare da azurfar da ke kwance a baitulmali. Saboda haka ka sayar wa maƙwabci da yawa, ka saya kaɗan, zinarensa ya gangaro wajenka. Suka lafta haraji a kan kayan waje, suka ce kayansu sai a jirginsu, har yaƙi suka yi a kai. A ganinsu duniya faranti ɗaya ce, duk lomar da ka ɗauka daga gaban wani ta fito.”

Na ce, “Ai wannan ɗakinmu ne na unguwar Satwa. In Bashir ya ƙoshi, to ni ne ban ci ba.”

Ta ce, “Yawwa. To Baba haka yake kallon kasuwa. Je ka gaya masa.”

Na sauko ina karanta duk addu'ar da na iya, don na ɗauka mari zan sha. Na tarar da shi kan kujerar robarsa yana jan carbi. Na isar da saƙo. Wallahi dariya ya yi har hularsa ta karkace.

“Bon. Mi ta sani? Ba a haihe ta ba na karanta wannan a lakkol, makarantar boko. Koma ka hwaɗa mata, mutanen da take cewa an binne, su suka kafa masaƙun Turai, su suka gina jiragenta. Su suka fara zama suka auna abin da ke shiga ƙasa da abin da ke fita, suka kalli ƙasa gaba ɗaya kamar kanti guda. Sunan ma da take kiran su da shi, ba su suka sa wa kansu ba, masu zagin su suka sa musu daga baya. Yalla, tahi.”

Na hau. Anti ta saurara, ta gyara gilashinta ta ce, “Gaskiya ne, ban hana su wannan ba. Amma ka tambaye shi labarin Sifen. Jirage suka dinga kawo musu zinare da azurfa daga Amurka. Kuɗi ya cika gari, kaya bai ƙaru ba, sai farashi ya tashi. Suka koma sayen kayan maƙwabta, zinaren ya bi ta hannunsu ya wuce. Shi ya sa masanan da suka zo daga baya suka ce arziki ba ƙarfen da aka kulle ba ne, abin da mutane ke samarwa ne, suke ci, suke sawa. Kuma ciniki ba faranti ɗaya ba ne, mai saye da mai sayarwa duk za su iya tashi da riba. Ka ce masa, in ka kwashe kuɗin kwastomanka kaf, gobe da me zai saya? Ga Alhaji Ɗanlami nan, ba sai an buɗe littafi ba.”

Na sauko. Wannan karon Elhaji bai yi dariya ba. Ya ce, “Ubana gyaɗa yake saya wa kamfanin Nasara a Maraɗi. Da idona na gani. Su kwashi gyaɗa ɗanya, su dawo mana da mai a gwangwani da sabulu a takarda. Auduga ta tahi, atamfa ta dawo. Mu da noma, su da riba. Wannan ita ce rabin dokar da Ta Sama ba ta hwaɗa maka ba: ka karɓi ɗanye a hannun talakawanka na nesa, ka hana su sarrafawa, ka sayar musu da gyararre. Ni na rantse ba ni ƙara zama gehen ɗanye. Kuma masu cewa a buɗe kasuwa kowa ya shiga, ka tambaye ta yaushe suka fara hwaɗin haka. Sai da masaƙarsu ta hi ta kowa.”

Kai jama'a. Ni da na zo neman abin da zan aika wa tsohuwa, ga ni ina dakon tarihin Turai sama da ƙasa. Kuma abin haushin, duk wanda na tsaya gabansa sai in ji shi ke da gaskiya. In ina sama, ɗan Anti ne ni. In na sauko, sai in ga ai Elhaji ya fi ta. A tsakiyar matakala kaɗai nake da ra'ayin kaina, shi ne Allah ya sa a sabunta min biza.

Dole kuma in riƙa yi wa saƙo wanka kafin in isar. In Anti ta ce “tunanin da ya tsufa,” ni sai in ce “ta ce tunanin manya ne.” In Elhaji ya ce “yarinta ke damun ta,” sai in ce “ya ce Allah ya yi wa karatunki albarka.” Su biyun sun san ƙarya nake, don sun san juna fiye da yadda na san su. Sau ɗaya Anti ta ce, “Sabi'u, Baba bai faɗi haka ba.” Na ce, “Anti, a zuciyarsa ya faɗa, ni can na jiyo.” Su Ilu kuwa duk sanda na wuce sai su ƙame su sara min, “Farfesa, yaya Sifen?” Nan sunan ya samo asali, kun ji.

Ranar Alhamis da safe muna cikin lodin wata kwantena ta Maraɗi, sai ga Alhaji Ɗanlami ya zo sallama, daga nan zai shiga maƙwabta. Anti ta kira ni. Na kalli matakalar nan, na kalli gwiwoyina, na zauna a ta ƙasa na ɗaga murya na ce, “Anti, waya ta mutu, babu caji. Mai magana ya sauko, mai magana ya hau.”

Yadi ya yi tsit. Foman ya dafe kai. Can sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Anti Rakiya ce ke saukowa, takalminta mai tsabta cikin baƙin mai. Ta zo bakin kwantenar ta tsaya. Elhaji na tsaye a ɗaya gefen. Shi yana kallon gabas, ita tana kallon yamma, tsakaninsu bai fi tsawon inji ɗaya ba. Kun san me suka yi? Ni suka kira na tsaya a tsakiya.

Ta ce, “Sabi'u, ka ce wa Baba ya leƙa cikin nan. Akwai gurbi?”

Na juya na ce, “Elhaji, wai akwai gurbi?”

Ya ce, “Hwaɗa mata ko allura ba ta shiga.”

Na juya, “Ko allura.”

Ta ce, “To ka tambaye shi, in ta sauke kayan nan a can, da me take dawowa?”

Ban ma isar ba, don ya ji. Ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa, cikin ladabi, “Iska take kawowa. Kuma masu jirgi ba sadaka suke yi ba, wahalar dawo da ita wayam tana cikin kuɗin da suke cajin mu. Baba ya hana iska tafiya, amma shekara da shekaru shi ke biya mata kuɗin dawowa.”

Na ga carbin Elhaji ya tsaya. Wani mai gidan da an yi masa haka gaban ma'aikata da baƙo, sai ya yi fushi ya kori kowa. Shi kuwa ya taɓa ƙofar kwantenar, ya jinjina kai. Sai ya juya wajen Alhaji Ɗanlami ya ce, “Kana da samfur?”

Alhaji ya ciro leda daga jakarsa. Elhaji ya zuba a tafin hannu, ya murza. Ga zoɓo mai kyau, ja wur, amma ga tsinke, ga ɗan yashi.

“A buhu za ka kawo shi?”

“A buhu mana.”

“Wa zai tsince, wa zai ƙulla a ƙananan leda ya sa suna?”

“Wanda ya saya a nan.”

“Non,” in ji Elhaji. “Zan karɓa. Amma buhu ɗaya na ɗanye ba shi shigowa yadina. A Kano za a tsince, a Kano za a auna, a Kano za a liƙe, a rubuta Kano a jiki. Citta ma a niƙa ta can. Matan unguwarku su ci ladan aikin, ba wani a nan ba.”

Alhaji Ɗanlami ya ce, “Elhaji, wannan ai sai da injin liƙe leda, kuma dalar da zan saye shi ita ce babu.”

Elhaji ya ce, “Sabi'u, shiga mota.”

Ban san inda za mu ba sai da na gan mu a banki, daga can sai Deira. A wani ɗan shago ya zaro ƙyalle daga aljihun gaba ya warware. Biskit ɗin ne. Ya riƙe shi, ya shafa da babban yatsa kamar mai shafa kan jariri, har na ɗauka zai fasa. Sai ya tura wa mai shagon ya kau da kai. A hanya, da muka tsaya a danja, ya ce, “Ka san shekarun da wannan ya yi a akwati, ko mutum ɗaya bai ci abinci ta dalilinsa ba?” Na ce, “Elhaji, in isar wa Ta Sama?” Ya ce, “In ka isar sai na karya maka ƙafa.” To ban isar ba. Ku nake gaya wa, kuma in maganar ta fita ban san ku ba.

Kafin la'asar mun sayi injin liƙe leda da na niƙa. Da hannuna na yi musu wuri a kwantenar Kano ta gaba, tsakanin giyabos biyu, taya ta ko'ina. Alhaji Ɗanlami bai shiga maƙwabta ba. Anti ta shiga zirga-zirgar ƙara lasisin kayan abinci da takardun lafiya, don ba a shigo da abin ci da lasisin kayan mota, kuma abin ya ɗauki watanni, ba wasa ba. Bizata kuwa aka buga. Ilu da Bashir ga su nan kuna gani, suna cin abincina har yau.

Abin da na ɗauka a satin nan, ku ma ku riƙe. Sana'ar nan ba cika kwantena ba ce kawai, ka san da me za ta dawo. Kwastoma ba abokin gaba ba ne da za ka tatse, in ya tsaya kai ma ka tsaya. Kuma mutanen nan biyu sun burge ni. Ita ta kayar da ubanta ba tare da ta ɗaga masa ido ba. Shi kuma ya karɓi gyara a gaban 'yan lodi, amma bai zubar da abin da ya gani da idonsa a Maraɗi ba. Tsohon tunanin nan ma haka masana suka yi da shi, in ji Anti: suka zubar da maganar tara zinare, amma maganar kare sana'ar gida har yau gwamnatoci na jan ta, kowa da sunan da ya sa mata.

Sai dai gardamar ba ta mutu ba sai ranar da kwantenar farko ta dawo daga Kano. Muka yanke hatimi, muka buɗe, ƙanshin zoɓo da citta ya doke warin giris. Kwali kan kwali har rufi, a ciki ƙananan leda reras, kowace da Kano a goshi. Anti ta sauko, Elhaji na tsaye, ni kuma ba wanda ya kira ni, da kaina na shiga tsakiya don na saba.

Anti ta ce, “Sabi'u, ka ce wa Baba barka. Ya mai da zinare inji, ya saya a hannun kwastoma. Ka ce masa yau dai ya bar markantilizim.”

Na buɗe baki ke nan sai na ji hannu ya ture ni gefe. Elhaji ne. Ya ɗauki leda ɗaya, ya juya ya dubi 'yarsa ido da ido, abin da ko foman da ya fi kowa daɗewa a nan bai taɓa gani ba. Abin da ya ce shi ya rufe maganar har yau, don Anti rufe baki kawai ta yi da mayafi tana dariya, ta koma samanta.

Ya ce, “Ke, kin ga ɗanye a cikin nan? Rabi na bari, rabi na riƙe. Dā su ke ƙullawa mu saya, yau mu ke ƙullawa su saya. In wannan ne aka binne, to ki koma ki duba kabarin.”